Tsohon kare da doguwar tafiya

1. Abokin tafiya

Kare yana cikin dabbobin gida. Ya daɗe tare da ɗan Adam, har ya riga tunkiya da akuya da saniya shiga gida. A shekarar 1914 an tono wani tsohon kabari kusa da birnin Bon, a ƙasar Jamus. An tarar da ƙasusuwan mutum biyu da na wani ɗan kare a ciki. Kabarin ya kai shekara dubu 14. Da masana suka duba haƙoran karen, sai suka gane ya sha ciwo mai tsanani na makonni, kuma jinyar mutane ce ta sa ya daɗe bai mutu ba. Ashe tun zamanin da, mutane suna kula da karen da ya kasa.

A karkara kare yana da aiki mai yawa. Yana gadin gida da dare. Yana bin mafarauci daji. Yana tsare garke daga dila da kura da ɓarawo.

A arewacin Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden, akwai wani yanki da ake kira Azawak. Yankin ya kai har cikin ƙasar Mali. Sunansa aka ba shanun Azawak, shi ne kuma aka ba wani irin kare mai dogayen ƙafafu da siririn ciki da gajeren gashi. Tsayin wannan kare daga ƙasa zuwa kafaɗa santimetir 60 zuwa 74 ne. Nauyinsa kilo 15 zuwa 25. Yana da gudu ƙwarai, har yana kama zomo da barewa. Abzinawa da Fulani suna kiwonsa don gadin zango da farauta.

Da damina makiyaya suna kora dabbobinsu arewa, su bar wa manoma gonaki. Wasu suna kaiwa har Ingal, a jihar Agadas, inda dabbobi suke lasar gishiri, ana kuma yin babban taro a watan Satumba. Tafiya ce ta makonni. Karnuka suna yin ta da ƙafa, tare da garke.

To, amma kare ma yana tsufa. Wata rana za a ɗaura kaya, garke ya kama hanya, shi kuwa ƙafafunsa su yi nauyi. Kare ba ya magana. Ba zai ce ya gaji ba. Zai yi ta bin mai shi har ya faɗi. Saboda haka mai kare ne ya kamata ya gane gajiyarsa, ya kuma san yadda zai taimake shi ya kai zango lafiya.

2. Yaushe kare yake tsufa?

Yawancin karnuka suna rayuwa shekara 10 zuwa 13 idan sun samu kulawa. Ƙananan karnuka sun fi manya tsawon rai. Babban kare yana fara tsufa tun yana da shekara 7 ko 8.

Mutane suna cewa shekara ɗaya ta kare daidai take da shekara 7 ta mutum. Wannan lissafi bai cika daidai ba. Kare yana girma da sauri a farko. Mai shekara ɗaya ya yi kusa da saurayi mai shekara 15. Daga baya girman yana tafiya a hankali. Kare mai shekara 10 kuwa tsoho ne, kamar dattijo mai shekara 60 ko fiye.

Ana gane tsohon kare da alamu kamar haka. Furfura tana fito masa a baki da gefen ido. Idonsa yana yin hazo. Jinsa yana raguwa. Babban kare yana da haƙora 42, amma na tsoho wasu sun karye, wasu sun zube. Yana yawan barci. Cinyoyinsa suna ramewa.

Abin da ya fi hana shi tafiya shi ne ciwon gaɓɓai. Gaɓa ita ce wurin da ƙashi biyu suka haɗu, kamar gwiwa ko ƙugu. Kan kowane ƙashi yana da guringuntsi mai santsi, wanda yake hana ƙasusuwan gugar juna. Da tsufa guringuntsin yana cinyewa, kamar yadda igiyar guga take cin itacen bakin rijiya. Daga nan ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, gaɓa ta kumbura, ta yi zafi. Irin ciwon nan ne tsofaffin mutane suke kuka da shi a lokacin sanyi. Shi ya sa tsohon kare yake daɗewa kafin ya miƙe da safe, yake kuma tsoron tsallake kwari.

3. Zafi da ƙishirwa

Bayan ciwon gaɓɓai, babban abokin gabar tsohon kare shi ne zafin rana. Mutum yana yin gumi a duk jikinsa, gumin ya bushe, jiki ya yi sanyi. Kare kuwa ba ya gumi sai kaɗan a tafin ƙafa. Haki ne yake sanyaya shi. Yana buɗe baki, ya zaro harshe, ya riƙa numfashi da sauri. Zafin jikin kare mai lafiya digiri 38 zuwa 39 ne. Idan ya wuce 41, ransa yana cikin haɗari. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a garuruwa da yawa na Nijar, ko a cikin inuwa.

Ga alamun da suke nuna cewa lokacin tsayawa ya yi:

— kare yana komawa baya, alhali da can yana gaba;
— yana ɗingishi, ko yana jan ƙafar baya;
— yana neman kowace inuwa ya kwanta;
— hakinsa ya yi ƙarfi, yawu yana dalala;
— dasashinsa ya yi ja wur;
— yana tangaɗi, ko yana amai.

Alamu uku na ƙarshe suna nufin zafi ya buge shi. Nan take a kai shi inuwa. A zuba masa ruwa mai sanyi a jiki, musamman a ciki da wuya da cinyoyi. A yi masa fifita. A ba shi ruwa kaɗan kaɗan idan yana iya sha da kansa. Sai jikinsa ya fara sanyi sannan a ɗauke shi zuwa wurin likitan dabbobi.

Rigakafi ya fi magani. Ana tafiya da tsohon kare da asuba ko da marece. Kafin a tashi, a ɗora bayan hannu a kan rairayi, a ƙirga daga 1 zuwa 5. Idan hannu bai jure ba, tafin ƙafar kare ma ba zai jure ba. A riƙe masa ruwansa da kaskonsa na daban. Kare mai kilo 20 yana bukatar wajen litir ɗaya a yini ko da yana kwance. A kan hanya bukatar tana ƙaruwa sosai. A kowane zango a duba ƙafafunsa, a cire ƙaya da ƙarangiya da tsidau. A duba kunnuwansa saboda kaska.

4. Yadda ake ɗaukar kare

Wani yaro makiyayi yana tafe da mahaifinsa a bayan garke. Hantsi ya dubi ludayi. Sai yaron ya waiwaya, ya hangi tsohon karensu kwance a gindin wata aduwa. Ya koma da gudu, ya kama ƙafafunsa na gaba zai ja shi. Karen ya yi ƙara.

— Kai, yaro, sake shi! Ba haka ake yi ba.
— Baba, ya ƙi tashi ne. In mun bar shi, kura za ta cinye shi.
— Ba mai barin sa. Shekara goma yana gadinmu. Amma in ka ja shi da ƙafa, za ka gurɗe masa kafaɗa. Yana iya cizonka kuma saboda zafi.
— To, in goya shi, Baba?
— Ya fi ƙarfinka, ɗana. Kawo masa ruwa tukuna. In ya huta, ni zan ɗauke shi. Kai ka tsayar da jaki.

Mahaifin yaron ya yi gaskiya. Ɗaukar kare tana da ƙa'ida. Ga yadda babba yake yi:

1. Ya matso a hankali ta inda karen zai gan shi, yana yi masa magana. Tsohon kare ba ya ji sosai. Idan aka taɓa shi ba zato, yana firgita.
2. Ya tsuguna a gefensa, bayansa a miƙe.
3. Ya zagaya hannu ɗaya a ƙirjin karen, ta gaban ƙafafun gaba.
4. Ya zagaya ɗaya hannun ta bayan cinyoyinsa.
5. Ya jawo shi jikin ƙirjinsa, sannan ya miƙe da ƙarfin ƙafafunsa, don kada ƙugunsa ya riƙe.
6. Wajen saukewa ya sake tsugunawa, ya bari ƙafafu huɗu su taɓa ƙasa kafin ya saki.

Ba a ɗaga kare da ƙafa, ko da wutsiya, ko da fatar wuya, ko da igiyar wuya. Ba a matse masa ciki. Idan yana da nauyi sosai, mutum biyu suke ɗaukarsa. Su kwantar da shi a kan bargo ko buhu mai ƙwari, kowa ya kama kusurwa biyu.

Yaro fa? Likitoci da yawa suna ba da shawara kada kayan da yaro yake ɗauka a baya su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsa. Yaro mai kilo 30 ke nan kayansa kilo 3 ne zuwa 4 da rabi. Karen Azawak ya ninka haka sau da yawa. Aikin yaro shi ne ya lura da alamu, ya gaya wa manya, ya kawo ruwa, ya gyara shimfiɗa.

5. Jaki, amalanke da jaka

Hannu yana gajiya. Mutum ba zai rungumi kilo 20 ya yi yini yana tafiya ba. Dole a nemi abin ɗauka.

Makiyaya sun saba ɗora sabbin haihuwar awaki da tumaki a kan jaki, don ba su iya bin garke. Wannan dabara tana yi wa ƙaramin kare amfani. Ana sa shi a kwando mai faɗi, ko a ɓangare ɗaya na mangala, kansa a waje. A ɗaya ɓangaren a sa kaya masu nauyi daidai da nasa, don kada mangala ta karkace. Wani ya riƙa tafiya kusa da jakin.

Babban kare ya fi jin daɗin amalanke. A shimfiɗa masa tabarma da tsumma, don girgiza tana ƙara masa ciwon gaɓɓai. A yi masa inuwa da zane. Kada a ɗaure shi da doguwar igiya a wuya, domin idan ya yi tsalle zai shaƙe.

Wani karen yana iya tafiya, ƙafafun baya ne kawai ba su da ƙarfi. Shi wannan sai a zura masa zane mai faɗi ta ƙarƙashin ciki, a kama bakin zanen biyu a sama, a ɗan ɗaga. Da haka yana hawa tudu, yana tsallake kwari.

A ƙasashen Turai da Amurka mutane da yawa suna tafiyar ƙafa a duwatsu don motsa jiki da shan iska. Suna zuwa da karnukansu. Idan kare ya tsufa, wasu suna goya shi a wata jakar baya da aka ɗinka don haka, mai kafofin shan iska. Wasu suna tura shi a ƙaramin keke irin na jarirai. Wasu suna sa masa ɗamara mai mariƙi a baya, don su tallafe shi a wurin hawa.

A shekarar 2021 wani mutum a ƙasar Birtaniya ya yi abin da ya ba mutane tausayi. Karensa mai shekara 10 ya kamu da sankarar jini, ya kasa tafiya. Sun saba yawo tare a duwatsu. Sai mutumin ya sa shi a baro, ya tura shi zuwa ƙololuwar dutsen Pen y Fan, a yankin Wels. Tsayin dutsen metir 886 ne. Bai kai rabin tsayin ƙololuwar duwatsun Bagzan na Abzin ba, mai metir 2022, amma hawa ne mai wuya ga mai tura baro. Mutanen da suka gamu da shi a hanya ba su san shi ba. Duk da haka suka riƙa karɓar baron suna taya shi turawa har sama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba a daɗe ba karen ya mutu, bayan ya sake ganin wurin da ya saba.

6. Ba kullum ake ɗaukarsa ba

Wani zai ce, tun da tafiya tana ba tsohon kare wahala, gara a ɗauke shi daga farko har ƙarshe. Wannan kuskure ne. Naman jikin da ba ya aiki yana ramewa. Gaɓar da ba ta motsi tana sandarewa. Karen da aka hana tafiya sam zai fi saurin kasawa.

Abin da ya dace shi ne a raba masa hanya. Ya yi tafiya da ƙafarsa da sanyin safiya, a wuri mai laushi. Idan ya fara komawa baya, a ɗauke shi. A sauke shi lokaci lokaci ya miƙe jiki, ya yi fitsari, ya sha ruwa, ya sunsuni ƙasa. Gajeruwar tafiya kullum ta fi masa doguwar tafiya sau ɗaya a mako. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

A kuma koya masa zama a kwando ko amalanke tun a gida. Ranar farko minti kaɗan, gobe a ƙara. Karen da bai saba ba yana tsorata, ya yi tsalle, ya karye.

Akwai lokacin da ko ɗaukar ma tana wahalar da shi. Idan haka ne, kuma akwai wanda zai zauna gida, gara a bar shi a hannunsa, da ruwa da abinci da inuwa. Abin da ba shi da kyau shi ne a yar da shi a daji. Ƙishirwa za ta kashe shi, ko namun daji. Wanda ya ci moriyar kare da ƙuruciyarsa, shi ne da haƙƙin kula da shi da tsufansa.

7. Hattara

Kare mai jin ciwo yana iya cizon ko mai shi. Idan yana gurnani, babba ya ɗaura masa takunkumi da tsumma mai laushi kafin ya ɗaga shi, ya kwance da zarar ya ajiye shi. Amma ba a ɗaure bakin karen da zafi ya buge, ko wanda yake amai, domin da baki yake shan iska.

Kada yaro ya taɓa karen da bai sani ba, ko da ya gan shi kwance abin tausayi. Yana iya kasancewa da ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo yana kashe mutum wajen dubu 59 a kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Wajen 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Idan alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma akwai rigakafi. Wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ne ya fara yi wa wani yaro mai shekara 9 allurar a shekarar 1885, yaron kuma ya rayu. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi gidan likita a ranar. Mai kare kuma ya kai karensa a yi masa allurar rigakafi.

Kada a ba kare ƙwayoyin maganin ciwon jiki na mutane. Wasunsu suna ɓata masa ciki da ƙoda, har su kashe shi. Likitan dabbobi ne ya san maganin da ya dace da shi. Bayan an taɓa kare kuma, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Abin riƙewa

Kare yana tsufa da wuri, kuma ba ya faɗin gajiyarsa. Mai shi ne yake lura da alamu. Tsohon kare yana tafiya da sanyi, yana hutawa a inuwa, yana shan ruwa sau da yawa. Idan ya kasa, babba ne yake ɗaukarsa: hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a bayan cinya. Ba a yar da shi a hanya.

Kalmomi

kare : le chien
gaɓa : l'articulation
guringuntsi : le cartilage
haki : le halètement
garke : le troupeau
amalanke : la charrette
baro : la brouette
takunkumi : la muselière
ƙarangiya : le cram-cram
haukan kare : la rage
likitan dabbobi : le vétérinaire

Tambayoyi

1. Wane aiki kare yake yi wa makiyaya?
2. Daga ina karen Azawak ya samo sunansa?
3. Me yake kawo ciwon gaɓɓai?
4. Ta yaya kare yake sanyaya jikinsa?
5. Ku faɗi alamu huɗu da suke nuna kare ya gaji.
6. Don me mahaifin yaron ya hana shi jan karen da ƙafa?
7. Me ya sa ba a ɗaukar tsohon kare daga farkon tafiya har ƙarshe?
8. Me ake yi wa wanda kare ya ciza?

Lissafi

1. Garke yana tafiyar kilometir 12 a yini. Tsohon kare yana yin kilometir 4 da safe, da kilometir 3 da marece. Kilometir nawa za a ɗauke shi a amalanke a yini ɗaya? A kwana 6 fa?
2. An sa kare mai kilo 16 a ɓangare ɗaya na mangala. A ɗaya ɓangaren akwai hatsi kilo 9. Kilo nawa za a ƙara don nauyi ya daidaita?
3. Makiyayi yana da karnuka 3. Kowane yana shan litir 2 a yini. Litir nawa suke bukata a kwana 5?

Aiki

Ku cika buhu da ƙaiƙayi, ku ɗauke shi a matsayin kare. Kowane ɗalibi ya nuna wa aji yadda ake tsugunawa, da inda ake sa hannu, da yadda ake saukewa. A gida ku tambayi kakanninku yadda ake tafiya da dabbar da ta kasa. Ku rubuta amsarsu cikin jimla biyar da Hausa, sannan ku juya jimla biyu zuwa Faransanci.